Kayan Lantarki Ma Suna Bukatar Yaɓe Kafin Damina

Daga Wakilinmu a Zariya

A tsakiyar markar bana, bayan an kwana uku ana sheƙa ruwa ba a ga idon rana ba, sai firjin gidana ya yi shiru. Da asuba uwargida ta buɗe shi, ta tarar miyar jiya ta soma tsami, ruwa kuma ya kwanta a ƙarƙashinsa. Ba yadda na iya, na nemo mai keke mai ƙafa uku, muka ɗora shi daga nan Dutsen Abba muka nufi Tudun Wada wajen wani mai gyara. Da isarmu na ga ashe ba ni kaɗai abin ya shafa ba, domin firji ne jere a ƙofar shagonsa, manya da ƙanana, kamar majinyata suna jiran likita, ga fankoki da akwatunan talabijin an jibge a gefe guda an lulluɓe su da leda.

Mai gyaran ya shaida mini cewa shi sau biyu yake yin kaka a shekara, ɗaya a watan Afrilu, ɗaya kuma a watan Agusta. Da ya juyo bayan nawa firjin sai kunya ta kama ni. Ƙura ta yi masa yaɓe kamar bangon ƙasa, tsatsa ta ci gindinsa, ga gidan zanzaro har biyu a kusa da injin. Daga nan ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikinsa, wadda duk shekarun da na yi tare da firjin ban taɓa tsayawa na karanta ba. A jikinta akwai harafin N. Wannan harafi guda shi ne mafarin wannan rubutu.

Ra'ayina shi ne, galibin kayan lantarkin da ke lalacewa a gidajenmu ba tsufa ke kashe su ba. Yanayin ƙasarmu ne ke cin su a hankali, mu kuwa muna kallo, domin mun shigo da su gida ba mu yanka musu lokacin kulawa ba. Iyayenmu da kakanninmu a ƙasar Zazzau ba haka suka yi da dukiyarsu ba. Kafin ruwan farko ya sauka sai magidanci ya kira magini a sabunta yaɓen soro, a gyara indararo, a sake jinkar ɗakin da ta tsufa. Rumbu ma ba a kafa shi a ƙasa, sai an ɗora shi bisa duwatsu don kada laima da gara su kai ga hatsi. Ba wanda ya koya musu wannan a aji, sun dai san ƙasarsu ne, sun kuma san abin da kowane lokaci na shekara ke zuwa da shi. Mu da muka yi boko, muka cika ɗakuna da kayan da suka fi rumbu tsada, mu ne muka jahilci wannan.

DAGA UDOJI ZUWA YAU

Dattawan ma'aikata ba za su manta da kuɗin Udoji ba. Bayan da kwamitin Cif Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi tare da bashin watannin baya a farkon 1975, kantunan Sabon Gari suka cika da masu sayen firji da fanka da rediyo mai kaset. A wancan zamani naira na da daraja, wanda firjinsa ya mutu yana iya haƙura ya sayi wani. Yau fa? Tun bayan da aka sakar wa naira mara a kasuwar canji a watan Yuni na 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi da aka zartar a 2024 naira 70,000 ne, alhali sabon firji madaidaici sai ya lashe irin wannan albashi na watanni. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da firjinsa ya mutu bana, da wuya ya ga wani baɗi. Kula da kayan gida ya zama batun tattalin arzikin iyali, daidai da kuɗin makaranta da na hatsi.

To, mu koma ga harafin nan. Masu ƙera firji sun kasa shi kashi huɗu bisa ga zafin ɗakin da aka yi shi domin ya zauna a ciki. Mai alamar SN an yi shi don ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 32 a ma'aunin Salshiyas, mai alamar N tsakanin 16 da 32, mai ST tsakanin 16 da 38, mai T kuwa yana jure wa har digiri 43. Yawancin tsofaffin firjin da ake kwasowa daga Turai, waɗanda ake kira tokumbo, masu N ne ko SN, domin an ƙera su ne don ɗakunan girkin Jamus da Ingila. A nan Zariya kuwa, a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan kai digiri 35 zuwa 38, kuma wannan a inuwa ake auna shi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin da ƙarfe biyu na rana ya san abin da ke ciki ya wuce haka. Wato firjina ya shekara da shekaru yana aiki a cikin zafin da ba a yi shi dominsa ba, kamar a ɗora wa ɗan maraƙi kayan raƙumi.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda firji ke aiki, domin daga nan sauran bayani zai zo da sauƙi. Aikin firji shi ne kwashe zafin da ke cikinsa ya zubar a waje. Injin da ke bayansa, wanda masu gyara ke kira kwamfuresa, yana tura iskar gas ta cikin siraran bututu, ita kuma ta ɗauko zafi daga ciki ta sake shi ta ragar ƙarfen da ke baya, ko ta jikin gefen firjin idan na zamani ne. Idan ɗakin da kansa ya yi zafi, ko aka manna firjin da bango, ko ƙura ta toshe ragar, zafin ba ya samun wurin fita. Sai injin ya yi ta aiki ba hutu, ya sha wuta da yawa, har wayoyin cikinsa su ƙone. Masana harkar lantarki suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage kusan rabin kwanan rufin wayoyin inji da na wasu ƙananan kayan cikin na'ura irin su kafasita. Batirin ruwa na sola ma haka abin yake, an auna kwanansa ne a kan digiri 25, duk abin da ya ɗara haka a bakin ransa yake.

TA'ADIN DA ƘURA DA LAIMA KE YI TARE

Wani zai ce ai batun laima na mutanen Legas ne da Fatakwal, inda ake samun ruwan sama mai yawa, iskar teku kuma ke ɗauke da gishiri mai cin ƙarfe. Gaskiya ne nasu ya fi namu yawa, domin Fatakwal na samun fiye da milimita 2,000 a shekara, mu kuwa abin da ake aunawa a Samaru yana kusa da milimita 1,000. Sai dai namu ruwan a cikin wata biyar zuwa shida yake sauka, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a watan Agusta danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100. Ƙarfe kuwa yana soma tsatsa da sauri ne da zarar danshi ya wuce wajen kashi 60 zuwa 70, fumfuna ma daga nan take samun gindin zama. Bugu da ƙari, muna da wani abokin gaba da ya fi ƙarfi a wajenmu fiye da mutanen kudu, wato ƙurar hunturu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta cusa ta cikin kowace kafa ta talabijin da fanka da sitabilaiza da kwamfuta. Muddin tana bushe, ɓarnarta ita ce ta lulluɓe kayan ciki kamar bargo ta hana su shan iska, sai bazara ta zo ta same su a haka. Da damina ta sauka kuwa sai ƙurar ta tsotsi laima ta koma taɓo, taɓon nan kuma yana iya ɗaukar wuta daga wannan waya zuwa waccan, yana kuma cin dalmar da aka liƙe kayan da ita. Shi ya sa mutum zai kashe talabijin lafiya lau da dare, a yi ruwa, da safe ya kunna ya ji ƙauri. Hunturu ne ya shuka ɓarnar, damina ta girbe. Ga kuma kyankyaso da tsaka da ɓera da kiyashi, waɗanda da sanyin damina ya kama sai su nemi ɗumin cikin na'ura su tare a can.

A cikin firji kuwa, duk lokacin da aka buɗe ƙofa iskar damina mai ɗauke da ruwa ke kutsawa, ruwan ya daskare ya zama ƙanƙara a jikin bututun sanyi. Mutane da yawa suna murna da ganin ƙanƙara ta yi kauri, suna zaton alamar lafiya ce, alhali kuwa ita ma bargo ce da ke hana sanyi isa ga abinci. Babban kuskure kuma shi ne a ɗauki wuƙa a hau sassaƙarta. Da zarar tsinin wuƙa ya huda bututu gas ya fice, laima ta shiga ciki, laimar nan kuwa tana toshe siririn bututun da gas ke bi, tana kuma gurɓata man injin. Abin da ya dace shi ne a kashe firjin, a buɗe ƙofa, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ƙanƙarar ta narke don kanta. Robar bakin ƙofa ma fumfuna na cin ta har ta saki. Gwajinta ba wuya: a sa takarda a rufe ƙofar a kanta, in ta zare ba tare da an ja da ƙarfi ba, to iska na shiga, sai a wanke robar ko a canza ta.

Akwai misali na gida da ke nuna ƙarfin laima. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da alayyafo ba tare da wuta ba. Wannan dabara, kamar randar gidan kowa, tana aiki ne saboda busasshiyar iska na shanye ruwan da ke tsattsafowa daga jikin tukunya, tana tafiya da zafi. Shi ya sa ruwan randa ke da sanyi ƙarara da bazara, amma da marka sai ya yi lami. Haka nan na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a ciki fanka na hurawa, da bazara take da amfani, wanda ya kunna ta a watan Agusta laima kawai yake ƙara wa ɗakinsa da kayansa.

LAIFIN WUTA NE KAƊAI?

Na san abin da masu karatu da yawa za su ce, wato wutar lantarki ce ke kashe kaya, a bar ɗora wa damina laifi. Ban musa ba. Tun daga zamanin NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, zuwa lokacin da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamba na 2013, ɗan Nijeriya bai daina kukan ɗaukewar wuta da rashin ƙarfinta ba. Ƙa'ida ita ce wuta ta iso gida da ƙarfin bolt 230, idan kuwa ta zo ƙasa da haka ƙwarai, injin firji yakan yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, yana ɗaukar zafi. Amma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injin da ƙura da zafi suka riga suka galabaitar shi ne ke fara faɗuwa ranar da wuta ta yi wasa. Gyaran wutar ƙasa ba a hannun magidanci yake ba, share bayan firji kuwa a hannunsa yake. Haka nan a hannunsa yake ya sa sitabilaiza mai jinkiri, ko kuwa ya saba wa iyalinsa su cire filogi idan an ɗauke wuta, in an dawo da ita a jira minti biyar kafin a mayar, domin gas ɗin cikin bututu ya daidaita.

Hadarin farkon damina da na ƙarshenta su ne suka fi zuwa da tsawa. Ba sai aradu ta faɗo a kan gida take ɓarna ba, in ta faɗi kusa da layin wuta sai ƙarfinta ya biyo waya ko igiyar eriya ya shigo har ɗaka. Kashe talabijin da rimot ba ya tsare komai, sai an zare filogi an kuma cire igiyar eriya ko ta tauraron ɗan'adam. Wannan aikin minti ɗaya ne da ko yaron firamare zai iya yi da zarar ya ga gabas ta haɗa.

Abin da ya fi asarar kaya muni shi ne asarar rai. Filogin firji da na dutsen guga ƙafa uku gare shi, ta ukun ita ce ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. A gidaje da yawa an karya ta, ko kuwa mai haɗa wutar gidan bai binne ƙarfen ƙasa ba sam don a rage kuɗi. Da rani mutum zai taɓa firjin ya ji ɗan ja kaɗan ya yi dariya. Da damina kuwa, siminti ya jiƙe, yaro ya shigo daga cikin ruwa ba takalmi ya kama hannun firjin, jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Duk na'urar da ta soma ja gargaɗi take yi, a kashe ta a kira mai gyara a ranar. Haka kuma kowace damina ana jin labarin iyalin da suka shigar da janareta cikin zaure ko baranda don kada ruwa ya taɓa shi, suka rufe ƙofa suka kwanta, hayaƙinsa mai guba wanda ba shi da launi ba shi da wari ya gama da su cikin barci. A yi wa janareta rumfarsa a waje, nesa da taga, komai ƙarfin ruwa.

Lafiyar ciki ma tana cikin lissafi. Ana son cikin firji ya kasance ƙasa da digiri 5, kuma in an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa na wajen awa huɗu ne, a ɗaki mai zafi ma bai kai haka ba. Daga 2023 zuwa 2025 babbar Salla ta faɗo ne a watan Yuni, lokacin da shanya nama ke da wuya saboda laima, kuma da yake tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, tana tunkarar tsakiyar bazara ne. Wanda ya danƙara naman layya a firjin da ke numfashi da ƙyar, ya dogara gare shi, yana iya ciyar da iyalinsa cuta. Suya da gishiri da iyayenmu mata suka gada har yanzu ba su da na biyu.

Ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantun garin nan su ma abin ya shafe su, domin yau karatun ɗalibi yana cikin wayarsa da kwamfutarsa. Ɗora kwamfuta a kan katifa yana toshe kafofin shan iskarta, cajin waya a ƙarƙashin matashi da bazara yana kumbura batir, batirin da ya kumbura kuwa yana iya kamawa da wuta. Wayar da ruwa ya daka kada a kunna ta, kada a sa ta a caji, a bar ta ta bushe sarai a wuri mai iska, tura ta cikin buhun shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki. Wanda zai tafi dogon hutu da damina ya bar kayansa a ɗaki, ya ɗaga su daga ƙasa, ya nisanta su da bango, ya kuma adana kundin bincikensa a wuri biyu. Ɗalibi nawa ne suka yi kukan aikin shekara guda ya tafi tare da kwamfutar da laima ta kashe?

KIRA GA HUKUMA DA MASU SANA'A

Ba magidanci kaɗai ke da laifi ba. Duk ma'aikacin gwamnati ya san wani lungu a bayan ofis inda aka tara matattun na'urorin sanyaya ɗaki da firji da fankoki, waɗanda da yawansu abin da ya kashe su bai wuce rashin wanke matatar ƙura ko toshewar bututun zubar da ruwa ba. Kasafin kuɗi yakan zo da kason sayen sabbi, na kulawa kuwa sai a nema a rasa, domin a sayen sabo ne ake samun kwangila. Wannan dukiyar jama'a ce. Ya kamata kowace ma'aikata ta ajiye littafin da ake rubuta ranar da aka duba kowace na'ura da sunan wanda ya duba, kamar yadda direban gwamnati ke riƙe da littafin motarsa. Abin koyi yana nan kusa, a ɗakunan shan magani. Allurar rigakafi tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gwada firjin da za a kai ƙasashe masu zafi a kan digiri 43 kafin ta amince da shi, ana kuma rubuta ma'aunin sanyinsa safe da yamma. In an iya yi wa allura haka, ana iya kwatanta kaɗan daga ciki ga sauran kaya.

Tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki suna cikin jerin kayan da Nijeriya ta haramta shigowa da su, amma duk wanda ya zaga kasuwa ya san suna nan. Ghana ta soma aiwatar da irin wannan doka a 2013. Na san talaka ba don sha'awa yake sayen tokumbo ba, abin da aljihunsa ya kai ke nan, kuma ba zan ce masa ya zauna babu ba. Abin da nake nema shi ne a ba shi sani. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wadda aka kafa tun 1971, ta wajabta wa masu sayarwa su bayyana alamar yanayin kowane firji a fili, a kuma fassara ma'anarta da Hausa, gidajen rediyonmu su yi ta nanatawa. Mai saye ya nemi T, in bai samu ba ya nemi ST. Wanda kuma ya riga ya mallaki mai N kamar ni, ya san jinya yake yi, ya ba shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da murhu da hasken taga.

Masu gyara kuwa su ne likitocin wannan fage, amma yawancinsu da ido suka koya a wajen maigida, sana'ar kuma ta canza a ƙarƙashin ƙafarsu. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina amfani da tsohon gas na R12 saboda illarsa ga sararin samaniya, aka koma R134a, yanzu kuma sabbin firji da yawa suna zuwa da R600a, wanda yake kamawa da wuta. Mai gyaran da bai bambance su ba, ya kunna wutar walda a kan bututu, yana iya jawo gobara. Wanda kuma ya ɗura gas da damina ba tare da ya zuƙe iska da laimar cikin bututu da injin zuƙa ba, bayan 'yan makonni firjin zai dawo masa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya, ga hedkwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna. Me zai hana a shirya gajeren kwas na yamma, da Hausa, a ba waɗannan matasa horo da takardar shaida? Jama'a za su san wanda za su danƙa wa dukiyarsu, su kuma matasan sana'arsu ta yi daraja.

Kafin hukuma ta motsa, kowane gida ya yi wa kansa kalanda irin ta magina. A ƙarshen hunturu, wajen watan Maris, a zare filogi a kakkaɓe bayan firji da busasshen buroshi, a goge fukafukan fanka a ɗiga mata man keken ɗinki, a kai talabijin da sitabilaiza a hure musu ƙura, a wanke gilashin sola. Kafin ruwan farko a toshe yoyon rufi, a duba wayoyin da suka tsage, a kira mai haɗa wuta ya gwada wayar ƙasa, a ɗora firji bisa katako kamar yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu, a bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango. Da marka a rage buɗe ƙofarsa, a rufe abinci, kada a sa tuwo ko miya da zafinsu, a riƙa kunna rediyo da talabijin da aka ajiye lokaci lokaci don ɗuminsu ya kori laima, a buɗe tagogi ranar da rana ta fito. Da kaka kuma a kankare tsatsar da ta ɓulla a shafa fenti tun ba ta huda ba. Duk wannan bai kai kuɗin injin firji guda ba.

Nawa firjin dai ya tashi, bayan an canza masa inji da kuɗin da na tanada don wata bukata. Da muka dawo Dutsen Abba na sa kafinta ya yi masa ɗan dandamali, na fitar da shi daga kusa da murhu, na kuma rubuta watan Maris a jikin bango da alli don kada na manta. Maƙwabcina da ya ga ina share bayansa ya tambaye ni ko sabo na saya, na ce masa a'a, yaɓe nake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta taɓa zuwa ba sanarwa. Allah ya ba mu ita da albarka, ya tsare mana iyali da abin da muka mallaka.